Jan Layin da Ba a Ce In Ƙara Ba

Akwai wata Laraba a Alƙahira da har gobe ba ta fita daga raina ba. Na fi shekara talatin ina shaƙar warin tawada, na ɓata ayyuka da dama kamar kowane ɗan maɗaba'a, amma wannan kaɗai ce ɓarnar da na yi da hannuna ina murmushi, ina ganin gwaninta nake yi.

A ƙarshen shekarun casa'in ne. Karatu ya kai ni Masar, neman na sawa a baka kuma ya kai ni wata 'yar maɗaba'a a unguwar Darrasa, a wani lungu bayan shagunan littattafai. Mai wurin wani dattijo ne mai suna Hajj Mitwalli, mutum mai tumbi da saurin fushi da saurin hucewa. Mai kula da injin kuma Usta Girgis, wanda sai ya yi yini guda bai furta kalma goma ba. Yawancin aikinmu takardun darasi ne na ɗalibai, da katin biki, da kalanda. Na fara daga naɗe takarda, bayan shekara huɗu aka ɗaga ni zuwa teburin montaj, inda ake jera shafuka kafin bugu.

Ku da kuka tashi kuka tarar da kwamfuta, bari in yi muku bayani, don kada ku ɗauka tun fil'azal maɓalli ake dannawa. A lokacin, in aka kawo hoto mai launi, sai mu kai shi wani shago a waje su raba shi zuwa fim huɗu: na shuɗi, na ja, na rawaya, na baƙi. Aikina shi ne in jera finafinan nan a kan teburin gilashi mai fitila a ƙasa, shafi bayan shafi, har su cika babbar takarda guda mai shafi goma sha shida. Ita ake kira malzama. Daga nan a fitar da burufa, wato gwaji, a nuna wa mai aiki. In ya gamsu ya sa hannu, sai a ƙona fim ɗin a kan farantin zinki, Usta Girgis ya ɗora a inji. Doka ɗaya ce babu wasa a cikinta: da zarar mai aiki ya sa hannu, ba a sake taɓa fim. Kayan aikina kuwa madubin ƙara girma ne, da ɗan siririn buroshi, da gwangwanin wani fenti mai launin jar ƙasa da ake cike 'yan ramukan fim da shi. Duk inda ka ɗiga fentin nan, tawada za ta fito a wurin.

Ido gare ni a lokacin, ba yabon kai ba. Ɗigo ɗaya in ya faɗi daga kan harafi sai na gan shi. Hajj Mitwalli kan nuna ni ga baƙi ya ce, "Wannan Sheikh Hamisu ne, idon maɗaba'a." Ni kuwa kaina ya riƙa kumbura a hankali ban sani ba.

Wata safiya wata Ba'indiya ta shigo da babbar jakar takardu a hammata. Sunanta Madam Shanta. Matar wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu ce ta kwatanta mata wurin, 'ya'yansu makaranta ɗaya suke, ta ce mata akwai ɗan Najeriya a can da ke jin Turanci. Turancin Hajj bai wuce "welkam" da "no broblem" ba, don haka ya tura mini ita.

Ta buɗe jakar a kan teburina. Littafin yara ne mai shafi talatin da biyu, malzama biyu ke nan. Ita ta rubuta labarin da Turanci, ita ta zana hotunan da fentin ruwa. Ta ce kwafi ɗari biyu take so, kuma lallai a gama ranar Asabar ta mako mai zuwa.

Na ce, "Madam, kwana goma ya yi kaɗan ga aiki mai launi. Ko za a ƙara mana mako guda?"

Ta ce, "Ba zai yiwu ba, Mista Hamisu. Ranar Lahadi mijina ke cika shekara ɗaya da rasuwa. Za mu taru a gidanmu a unguwar Ma'adi, zan raba wa yaran mutanenmu. Kwafin farko na 'yata ne. Bayan mako guda za mu bar Masar gaba ɗaya."

Haka ta faɗe shi, babu rawar murya, kamar mai karanta adireshi. Na yi mata ta'aziyya, na rubuta takardar aiki da lambar wayar gidanta a kai.

Labarin na wata yarinya ce, Nila, da aka haifa a Alƙahira. Babanta injiniya ne. Yana koya mata ƙirga da Hindi tana amsa masa da Larabcin Masar. Lokacin bikinsu na fitilu sukan jera 'yan fitilun ƙasa a barandar bene, mai gadin gidan yana ɗaga musu hannu daga ƙasa. A tsakiyar littafin uban ya mutu. Gida ya yi shiru, kwalaye suka cika falo, aka koma Indiya gidan kaka. Can kuma 'yan uwanta suna mata dariya don tana cewa "yalla" irin na Misirawa in za ta ce mu je, kuma barkonon abincinsu yana sa ta hawaye, har ta rasa gane ita 'yar ina ce. A shafin ƙarshe ita da uwarta suna kunna fitila ɗaya a saman soron kakar.

Wannan labarin da na ba ku, daga baya na san shi. A lokacin ban sani ba, ko da yake na karanta rubutun sau uku. Mai duba kuskure ba ya karatu irin na mutane. Daga kalmar ƙarshe yake farawa ya yi baya, kalma-kalma, don kada daɗin labari ya ɗauke masa hankali ya tsallake harafi. Na kama kurakurai huɗu na injin rubutu, na san dai wani ya mutu a ciki. Iyakar sanina ke nan.

Ranar Lahadi Madam Shanta ta zo ta duba burufa shafi-shafi, ta sa hannu, ta kwashe zanenta na asali ta tafi da su. Litinin da safe na kunna fitilar tebur don dubawar ƙarshe kafin a ƙona zinki, sai idona ya kama wani abu. A malzama ta farko uwar Nila ta fito sau tara, kuma kowane hoto akwai wani siririn jan layi a tsagar gashinta, daga goshi zuwa sama kaɗan. A malzama ta biyu ta fito sau bakwai, babu layin ko a ɗaya.

Nan da nan na yanke hukunci. Masu raba launi a rana biyu suka yi mana aikin, malzama ɗaya kowace rana, kuma sun sha zubar mana da ƙananan abubuwa. Na ɗauko burufar da ta sa wa hannu, na ga nan ma babu layin. Maimakon wannan ya tsayar da ni, sai na ce a raina, baiwar Allah, baƙin ciki ya hana ta lura. Ga kuma wani abu da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa: ni ɗan Arewa ne, tun ina yaro nake tsallake katangar makaranta in je silima kallon Indiya. Na san matansu suna sa ja a ka. Na ɗauka kwalliya ce kamar yadda namu ke sa gazal. Mu da waƙa da dambe ke kai mu silima, wa ya tsaya tambayar ma'anar jan layi? Amma a ranar ji nake duk Darrasa babu wanda ya san Indiya kamata.

Lambar wayarta tana nan a gabana. Sai dai wayar Hajj akwai ɗan kwado a jikinta, in ka nemi mabuɗi sai ka yi bayanin wanda za ka kira da dalili. Na ga abin bai kai haka ba. Kuma, in faɗi gaskiya, so nake ta buɗe littafin ta ga an gyara mata abin da ita kanta ba ta gani ba, ta ce lallai maɗaba'ar nan akwai ƙwararre.

Na ɗauki buroshi na jiƙa fentin. Layi bakwai a fim ɗin ja, layi bakwai a na rawaya daidai kansu, don sai biyun sun haɗu jan yake fitowa da haske. Ban kai rabin sa'a ba. Aiki ya yi kyau, wallahi, ko ita ba za ta bambanta nawa da nata ba. Ban gaya wa kowa ba. Talata Usta Girgis ya buga malzama biyun, aka jibge su suna bushewa.

Laraba bayan la'asar ta zo ganin aiki kafin a naɗe. Ta zo da 'yarta Anju, 'yar shekara bakwai, da kayan makaranta a jikinta, don ba ta da wanda za ta bar wa ita. Ashe yarinyar ba ta taɓa ganin zanen ba, sai Anju ta tafi makaranta uwar take yin su. Ta zaunar da ita a gaban shago wajen Hajj, aka aika a sayo mata ruwan rake, ta ce kada ta motsa. Yaro kuwa da ƙarar inji, ina zai zauna? Muna tsaye muna duba malzama ta farko, ba mu ankara ba Anju ta zagaya ta ja takarda ɗaya daga tulin na biyu.

Takardar da ba a naɗe ba shafukanta a warwatse suke, wasu a kife. Na ga yarinyar tana jujjuya ta, har ta tsaya a hoton ƙarshe, na saman soro. Ta ƙura masa ido. Sai ta saki wata ƙara ta murna, ta ruga ta rungume uwarta, tana tsalle tana nuna hoton tana zuba magana da yarensu. Kalma ɗaya na tsinta a ciki, "Papa", tana ta maimaita ta. Ni kuwa na gyara tsayuwa ina jiran yabo.

Madam Shanta ta karɓi takardar ta duba. Ba ta yi ihu ba. Ta laluba bayanta ta zauna a kan ɗaurin takardu, ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Sannan ta ce wa yarinyar ta koma ta shanye ruwan rakenta. Sai da ta ga fitarta ta ɗago.

Ta ce, "Wa ya sa wannan?"

Hajj Mitwalli ya taso ya leƙa. Na fassara masa. Ya ce, "Ce mata ai ya yi kyau. Ja yana raya hoto."

Ban fassara wannan ba. Na ce, "Madam, ba a malzama ta farko akwai shi ba?"

Ta ce, "A malzama ta farko mijinta yana da rai."

Daga nan ta yi mini bayani a taƙaice, kamar malama a aji. Sunan abin sindur. Jan gari ne da ango ke sa wa amarya a tsagar gashi ranar aure, ita kuma ta ci gaba da sawa kowace safiya muddin yana raye. Ranar da ya mutu a goge, ba ta ƙara sawa. Duk yaron da ya tashi a irin gidansu ya san wannan tun kafin ya iya karatu. Shi ya sa ba ta rubuta shi da kalma ba ko sau ɗaya a littafin, ta bar wa hoto ya faɗa.

Ta ce mijinta a wurin aiki ya faɗi, can wajen gari, aka wuce da gawarsa Indiya. Anju ba ta gan shi ba. Ta kuma saba yana tafiya ya yi wata biyu ya dawo. An gaya mata ya tafi wurin Ubangiji, ita kuwa ta ɗauke shi a matsayin wata tafiyar. Shekara guda ke nan kullum da safe sai ta ɗauko ɗan gwangwanin sindur ta ajiye wa uwar a gaban madubi.

"Na kasa faɗa mata da baki," in ji ta. "Duk lokacin da na fara sai in canza magana. Shi ya sa na yi littafin, mu zauna mu karanta tare ranar Lahadi ta gani da idonta. Yanzu ta ga uwar Nila a Indiya da sindur a ka. Cewa take, ashe Papa yana can yana jiranmu."

Abin da ya faɗo mini a rai Innata ce, lokacin da Baffa ya rasu tana takaba. Wata huɗu da kwana goma tandun kwallinta na rataye ba ta taɓa ba, ba lalle, ba turare. Na yi tunanin a ce wani baƙo ya shigo ɗakin ya ga idonta fari, ya ce Inna kin manta, ya ɗauko kwalli ya rambaɗa mata. Abin da na yi ke nan, sau bakwai, a kwafi ɗari biyu. Mu ma muna da irin wannan a gida, amma ban gane shi ba da na gan shi a kan wata.

Da na fassara wa Hajj, ya dafe kai da hannu biyu. Nan take ya ɗora wa masu raba launi, ya shiga tsine musu har kakanninsu, ya zaro mabuɗin waya zai kira su. Ba zan ɓoye muku ba, na so in bar shi ya kira. Da ya kira, za su musanta, shi kuma ba zai yarda ba, magana ta bi ruwa. Amma fim ɗin na nan a aljihun teburina da fentina a jiki, kuma matar nan tana zaune tana kallona.

Na ce, "Ya Hajj, ajiye wayar. Ni ne."

Ya juyo. "Kai ne me?"

"Ni na ƙara. Bayan ta sa hannu."

Ya ajiye kan wayar a hankali. Ya ce, "Bayan ta sa hannu." Sai kuma ya fashe. Ya ce shekara arba'in yana wannan sana'a bai taɓa ganin wanda aka ba tsaron ƙofa ya ɓalle ta da kansa ba. Ya ce idon maɗaba'a ashe idon mujiya ne. Na sunkuyar da kai, don duk abin da ya faɗa na ci. Garin gyaran gira na tsone ido.

Na juya na faɗa wa Madam Shanta da Turanci abin da na faɗa masa. Ta tambaye ni dalili, na gaya mata.

Hajj da ya ɗan huce ya kawo dabara irin ta 'yan kasuwa. Ya ce gashi baƙi ne, a samo alƙalamin baƙar tawada a bi layukan a rufe, zuwa gobe an gama. Ta girgiza kai. Ta ce yaro ba ya kallon hoto kamar babba, sai ya ɗaga shi a rana, ya kankare da farce. In ta ga ja a ƙarƙashin baƙi, cewa za ta yi ɓoye mata ake yi.

A nan Usta Girgis, wanda tun ɗazu yake goge hannu da tsumma, ya je ya ƙirga ragowar takardar da babban yatsa. Ya dawo ya ce za ta isa malzama ɗaya in ba a yi asara da yawa wajen daidaita launi ba. In zinki ya samu kafin a tashi yau, zai sauke aikin ɗalibai ya buga wannan da safiyar Alhamis. Juma'a ba aiki, ta bushe. Asabar a naɗe a ɗinke. Ya ƙara da kalma ɗaya, "Khalas," wato shi ke nan, ya koma wajen injinsa.

Na fassara mata, ina ganin an samu mafita. Ta ce, "Littafin za ku gyara. Abin da ta riga ta gani fa?"

Sai na ce mata fentin nan da ruwa yake fita, auduga kawai ake jiƙawa a goge. Na ce in tana so, yarinyar ta zo ta ga cewa ba a cikin zanen yake ba, ɗora shi aka yi. Ta daɗe tana kallon ƙasa. Sannan ta tashi ta kira Anju.

Na goge na fim ɗin rawaya da sauri kafin su ƙaraso, na shimfiɗa na ja a kan gilashi na kunna fitila. Aka sa wa yarinyar ɗaurin takarda ta hau don ta kai. A kan fim hoto toka-toka yake fitowa, don haka layukana bakwai suka fito ɓaro-ɓaro, jajaye, kowanne a kan matar.

Na ce, "Anju, kin ga waɗannan? Ba Mama ce ta zana su ba. Ni na sa, kuma kuskure na yi."

Ta dube ni. Ta kira ni Ankul, yadda yaransu ke kiran kowane babba. Ta ce, "Don me ka sa, Ankul?"

Na ce, "Na ɗauka mantawa ta yi."

Ta ce, "Ni ma."

Uwar tana tsaye a bayanta, hannunta a kafaɗar yarinyar. Ta yi mini alama da kai in fara.

Na jiƙa auduga na goge na farko, hoton da uwar Nila ke zaune a bakin gado. Fentin ya narke ya bar audugar ja. Na yar, na ɗauki wata. Na biyu tana naɗe rigunan mijin. Na uku tana tsakiyar kwalaye. Inji ma Usta ya kashe shi. Yarinyar tana bin hannuna da ido daga hoto zuwa hoto, ni kuma ina yi a hankali don kada ruwa ya taɓa inda bai kamata ba. Na huɗu, na biyar, na shida.

Da na kai hannu kan na bakwai, na saman soro, ta riƙe mini hannun riga.

Ta ce, "In ka bar wannan ɗaya, zai zo?"

Ba ni aka tambaya ba, ko da yake ni take kallo. Na ɗaga kai na dubi uwar. Madam Shanta ta durƙusa har fuskarsu ta yi daidai. Da Turanci ta amsa, ban san dalili ba, wataƙila da yarensu ba zai fito ba.

Ta ce, "A'a, Anju. Ko an bari ko an goge, Papa ba zai zo ba. Ya mutu. Ba ya Indiya, ba ya wurin aiki. Ba zai dawo ba."

Yarinyar ta dubi tsagar gashin uwarta, ta daɗe tana dubawa. Ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta saki hannun rigata, ta ce, "To goge."

Na goge.

Sai da suka kai bakin ƙofa na ji kukan ya ɓalle, uwar ta ɗauke ta duk girmanta suka bi lungun suka fita. Ni kuma na busar da fim, na duba shi da madubi sau biyu, aka ƙona zinki kafin magariba.

Sauran ya tafi yadda Usta Girgis ya tsara. Takarda ta isa da ƙyar. Asabar da azahar Madam Shanta ta zo ita kaɗai, ta zare kwafi uku daga wurare daban-daban a cikin kwalin, ta duba malzama ta biyu a kowanne, ta ce, "Tamam," wato ya yi daidai. Ta yi wa Usta godiya, ta yi wa Hajj. Ni ta gyaɗa mini kai kawai, kuma ban ga laifinta ba. Ban sake ganinsu ba. Hajj bai kore ni ba, amma ya mayar da ni naɗe takarda na wata guda, inda na fara. Lalatattun takardun a al'ada masu soya ta'amiyya, ƙosan Masar, ake ba wa su riƙa ƙunshe wa mutane. Na roƙi a bar mini su, na sa su a injin yanka na mayar da su zare-zare, don kada wata rana wani yaron Indiya ya sayi abinci ya ga hoton.

Abin da na koya bai da yawa. A sana'armu an horar da mu mu nemi abin da ya ɓace mu cike, har mukan manta cewa wani gurbin mai shi ne ya bar shi da gangan, kuma wataƙila shi ne ya fi masa wuyar bari a duk aikin. Mutanen da ke kawo mana takardunsu ba sa gaya mana abin da ke bayansu, ba kuma dole ne su gaya mana ba. Rashin sani gaba ɗaya bai cika yin ɓarna ba, don mai shi yakan tambaya. Ɗan guntun sani shi ne masifa. Saboda haka in kun ga abin da kuke zaton kuskure ne a aikin da aka sa wa hannu, ku nemi mai shi ku tambaya, ko da zai ce kun cika damu. Ni ban tambaya ba, na sa yarinya 'yar shekara bakwai ta yi murnar dawowar ubanta na minti goma, sannan na jiƙa auduga na goge a gabanta.